Turke da Da'ira: Yadda Ake Gina Cibiyar Sayayya ta Unguwa

Cibiyar sayayya ta unguwa rukunin shaguna ne da aka tsara, aka gina, kuma ake gudanarwa a ƙarƙashin mai shi guda ɗaya, domin biyan buƙatun yau da kullum na mutanen da ke zaune kewaye da wurin, kamar cefane da magani da aski da wanki da guga da cire kuɗi. Abin da ya raba ta da jerin shagunan bakin titi shi ne wannan mallaka ta hannu ɗaya, domin ita ce ke ba mai ginin ikon zaɓar wanda zai kama kowane shago, da sana'ar da zai yi a cikinsa, da lokacin buɗewa da na tashi. A Amurka, inda aka raɗa wa wannan nau'in gini suna aka kuma yi masa ma'auni, ƙungiyar masu cibiyoyin sayayya ta ICSC, wadda aka kafa a 1957, tana ƙidaya cibiya a matsayin ta unguwa idan faɗin shagunanta ya kama daga kimanin murabba'in mita 2,800 zuwa 11,600, akasarin masu sayayyarta kuma suna zuwa ne daga tazarar da ba ta wuce kilomita 5 ba. Sama da ita akwai cibiyar gari, sannan katafariyar cibiyar yanki mai rufi da na'urar sanyaya iska, wadda ke farawa daga wajen murabba'in mita 37,000. Wannan ta ƙarshe ita aka fi ɗauka hoto, amma ta unguwa ta ninka ta yawa nesa ba kusa ba, kuma shekaru sun nuna ta fi ta jure wahala.

Mota da firji ne suka haifi wannan fasali. Tun a farkon shekarun 1920 wani ɗan kasuwar filaye mai suna J. C. Nichols ya gina Country Club Plaza a birnin Kansas domin masu zuwa sayayya a mota, a 1930 kuma aka buɗe Park and Shop a unguwar Cleveland Park ta birnin Washington, inda aka ja shaguna baya aka bar filin ajiye motoci a gabansu, tsarin da har yau ba a sauya ba. A wannan shekarar ce aka buɗe King Kullen a New York, wanda ake lissafawa cikin manyan kantunan kayan abinci na farko inda mai saye ke ɗaukar kaya da hannunsa ya biya a bakin ƙofa. Da iyali suka sami motar ɗauko cefanen mako guda da firjin adana shi, sai mai teburin lungu ya rasa rabin dalilin zamansa. Doka ma ta taimaka. A 1926 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar ƙauyen Euclid da kamfanin Ambler, ta halatta wa ƙananan hukumomi su keɓe wa kowane yanki amfani guda, nan gidaje, can shaguna, can gaba masana'antu, abin da ya sa aka yi ta gina unguwanni masu dubban gidaje waɗanda babu ko mai sayar da ashana a cikinsu. Sannan a 1954 aka yi wa dokar haraji gyaran da ya ba masu sababbin gine-gine damar cire kaso mai tsoka na kuɗin gini daga ribar da za a ɗora wa haraji tun a shekarun farko, kuma masana tarihi da dama suna ganin wannan ya sa masu kuɗi suka rufta kan gina cibiyoyi a bayan gari.

Aikin gina cibiya yana farawa ne tun kafin a ga fili, da abin da ake kira da'irar ciniki, wato yankin da ake sa ran akasarin masu sayayya za su fito daga cikinsa. A kan taswira da'irar takan zama zagaye, amma a ƙasa ba ta taɓa zama haka ba, domin kogi ko layin dogo ko babbar hanya mai shinge a tsakiya suna iya yanke rabinta, gidan da ake hangowa daga ƙofar kanti ya zama ya fi wanda ke bayan kilomita 3 wuyar zuwa. Shi ya sa gwanaye suka fi auna ta da mintunan tafiya maimakon tsawon hanya. Tun a 1931 William Reilly ya fito da ƙa'idar da ke cewa ƙarfin da kasuwa ke jan mai saye da shi yana ƙaruwa gwargwadon girmanta, yana kuma raguwa da sauri matuƙa yayin da nisa ya ƙaru, David Huff kuma ya inganta lissafin a shekarun 1960 ta yadda za a iya ƙiyasta rabon da kowane kanti zai samu idan da yawa suna gasa a yanki ɗaya. Bayan an shata da'irar sai a ƙirga gidajen da ke cikinta, a ƙiyasta samunsu da abin da suke kashewa a kan abinci da sauran masarufi, a cire abin da shagunan da ke nan tuni suke sha. Ragowar, wato kuɗin da mutanen unguwa ke fita da shi su kashe a wani wuri, shi ake kira yoyo, kuma shi ne ainihin abin da mai gini ke neman tarewa. Inda babu yoyo, sabuwar cibiya ba ta da abin ci sai na maƙwabciyarta.

Sai batun turke, wanda a kansa komai ya rataya. Turke shi ne babban ɗan hayar da mutane ke barin gidajensu dominsa, kuma a cibiyar unguwa galibi babban kantin kayan abinci ne, wanda kan cinye kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin faɗin ginin. Abin da kan ba baƙon wannan harka mamaki shi ne cewa turke ne ke biyan haya mafi arha a kan kowane murabba'in mita, wani lokaci ma da kyar hayar ke rufe kuɗin gina masa wurin. Hikimar ita ce shi ke kawo ƙafa: mai cefane yana zuwa a kai a kai, a hanyarsa ta shiga da fita kuma yana wucewa ta gaban mai magani da mai gyaran waya da mai sayar da abinci, waɗanda ke biyan haya mai tsada saboda wannan cinkoso da ba su suka tara shi ba. Ribar mai gini tana cikin ƙananan shagunan, amma idan babu turke ba su da darajar da za a biya. Saboda haka ake ajiye turke a ƙurya ko a ƙarshen jeri, domin mai saye ya ratsa gaban sauran kafin ya isa, ake kuma ƙulla yarjejeniya da shi ta shekara 15 ko 20, alhali ta ƙananan shaguna ba ta cika wuce shekara 3 zuwa 5 ba.

Wannan yarjejeniya ce banki ke karantawa kafin ya dubi zanen gini. Mai ba da bashi ba ya sakin kuɗi sai ya ga sa hannun turke da na wani kaso na sauran 'yan haya, abin da ake kira hayar kafin gini, don haka ɗan kasuwar gine-gine kan shafe shekara ɗaya ko biyu yana tallar shagunan da ba su wanzu ba sai a takarda. Shi ya sa masu dabara ba sa sayen fili kai tsaye, sai dai su biya ɗan kuɗi su riƙe haƙƙin saye na wani wa'adi, idan turke ya ƙi zuwa ko hukuma ta hana izini su janye da ƙaramar asara. A cikin takardun hayar akwai sharuɗɗan da ke ɗaure kowa da kowa. Akwai sharaɗin keɓewa, wanda ke hana mai gini bai wa wani mai irin sana'ar ɗan haya shago a cibiyar. Akwai hayar kaso, inda ɗan haya ke ƙara wani ɓangare na cinikinsa idan ya haura adadin da aka amince, ta yadda mai gini ke zama tamkar abokin tarayya. Akwai kuɗin hidima, da ake raba wa 'yan haya gwargwadon faɗin shagunansu domin shara da tsaro da fitilu da gyaran filin motoci. Mafi haɗari ga mai gini shi ne sharaɗin zaman tare, wanda ke ba ƙaramin ɗan haya damar rage haya ko tashi gaba ɗaya idan turke ya rufe, domin shi ne ke mayar da ficewar kanti ɗaya ta zama rushewar cibiya.

Darajar ginin kanta daga waɗannan takardu ake fitar da ita, ba daga yawan siminti da rodin da ya ci ba. Ana ɗaukar hayar shekara, a cire kuɗin gudanarwa, sannan a raba ragowar da kason ribar da masu zuba jari ke nema. Alal misali, cibiyar da ke barin Naira miliyan 100 a shekara darajarta biliyan ɗaya ce idan masu saye sun gamsu da kashi 10 cikin ɗari, amma idan ruwan banki ya tashi suka nemi kashi 20, darajar ta koma miliyan 500 ba tare da ko bulo ɗaya ya faɗi ba.

Manyan cibiyoyin yanki sun bi wannan tsari ne da turaku na daban, wato manyan kantunan tufafi da kayan gida. Ta farko cikin waɗannan cibiyoyi mai rufi da sanyaya iska ita ce Southdale, wadda aka buɗe a garin Edina na jihar Minnesota a watan Oktoba na 1956, bisa zanen Victor Gruen, Bayahuden da ya tsere daga Biyana a 1938. Gruen ya so a kewaye cibiyar da gidaje da makarantu da asibiti da wurin shaƙatawa, ta zama dandalin gari irin wanda ya baro a Turai, amma abin da aka yi ta kwaikwayo a faɗin ƙasar shi ne shagunan da tekun motocin da ke kewaye da su, har a 1978 ya fito fili ya barranta daga abin da aka mayar da tunaninsa. Lokacin da ciniki ta intanet ya fara cin kasuwar tufafi da na'urori, turakun suka yi rauni: kamfanin Sears ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2018, JCPenney ya bi sahu a 2020, sharaɗin zaman tare kuma ya yi aikinsa a cibiyoyi masu yawa. Cibiyar unguwa ba ta ji jiki haka ba, saboda ba a yin aski ta waya, kuma mutane da yawa har yanzu sun fi son su zaɓi nama da tumatir da idonsu. Kamfanoni irin su Regency Centers da Kimco sun gina dukiyarsu ne a kan wannan sanin.

Daga kangon manyan cibiyoyin da suka mutu ne ginin haɗaka ya sami farin jini, wato wanda ya tara shaguna da gidajen kwana da ofisoshi, wani lokaci har da otal, a wuri ɗaya bisa tsari ɗaya. Cibiyar nazarin filayen birane ta ULI ta daɗe da sa masa ma'auni: aƙalla amfani uku masu kawo kuɗi, waɗanda ke tallafar juna, kuma ana iya zirga-zirga a tsakaninsu da ƙafa. Haɗakar tana iya zama ta tsaye, shaguna a ƙasa gidaje a sama, ko ta kwance, kowanne da gininsa a fili guda. Jane Jacobs ta riga ta kafa hujjar tun a littafinta na 1961 kan rayuwa da mutuwar manyan biranen Amurka, inda ta nuna cewa titin da mutane ke bi a lokuta daban-daban saboda dalilai daban-daban ya fi aminci kuma ya fi ciniki. An ɗauki shekara 30 kafin masu kuɗi su gaskata. A 1991 aka buɗe Mizner Park a Boca Raton ta jihar Florida a kan filin wata cibiya da ta mutu, a 2002 kamfanin Federal Realty ya buɗe Santana Row a San Jose, a Lakewood ta jihar Colorado kuma aka rushe Villa Italia aka yanka filinta mai eka sama da 100 zuwa layuka 22 masu tituna, aka kira wurin Belmar.

Ginin haɗaka sabon abu ne ga bayan garin Amurka kawai. Wakalar Sarki al-Ghuri da ke Alƙahira, wadda aka gina a farkon ƙarni na 16, tana da ɗakunan ajiye kaya da ciniki a ƙasa da ɗakunan haya a sama, kuɗin da ake samu kuma na waƙafi ne. Gidan fatoma a tsofaffin garuruwan fatauci na ƙasar Hausa, inda baƙon ɗan kasuwa ke sauka, ya ajiye hajarsa, a kuma ƙulla masa ciniki a zaure, shi ma haɗaka ne ko da babu wanda ya kira shi da wannan suna.

Sai dai ginin haɗaka ya fi daɗin faɗa a kan aikatawa. Kanti yana son fili buɗaɗɗe mai ginshiƙai nesa da juna da rufi mai tsawo, gidajen kwana kuma suna son ginshiƙai kusa-kusa da bututun ruwa masu sauka kai tsaye, don haka sai an zuba kankare mai kauri da tsada a tsakanin hawan ƙasa da na sama domin ya ɗauki nauyin saɓanin. Hayaƙin gidan abinci sai an yi masa hanya ta ratsa benaye har saman rufi, motar kaya tana zuwa da asuba lokacin da mazauna sama ke barci, ƙofar masu gida kuma dole a raba ta da ta masu saye. Bankin da ya saba da bashin gidaje yakan yi ɗari-ɗari da shaguna, wanda ya saba da shaguna kuma bai san gidaje ba, ga shi kasuwannin biyu ba sa tashi tare. Ribar da ta fi fitowa fili ita ce ta filin motoci, domin gurbin da ma'aikacin ofis ya ajiye mota da rana shi mai zuwa cin abinci zai samu da yamma. Amma akwai kuskuren da ake yawan yi, na zaton cewa mazauna sama za su riƙe shagunan ƙasa. Gidaje 200 ba su isa ciyar da babban kanti ba, sai dai su ƙara masa armashi, kuma inda hukumomi suka tilasta a yi shaguna a ƙasan kowane bene ba tare da duba da'irar ciniki ba, abin da aka samu shi ne jerin gilasai babu kowa a ciki.

Tsarin turke kuwa ya shigo Najeriya ne tare da manyan kantunan Afirka ta Kudu. An buɗe The Palms a Lekki ta Legas a ƙarshen 2005 tare da Shoprite na farko a ƙasar, Ikeja City Mall ta biyo baya a 2011, Ado Bayero Mall da ke titin Gidan Zoo a Kano a 2014 da Shoprite da Game a matsayin turaku, sai Jabi Lake Mall a Abuja a 2015. Da yawa daga irin waɗannan gine-gine an yi su ne da jari ko bashin dala, aka kuma ɗaura haya a kan dala, alhali mai shago da Naira yake ciniki. A 2014 ana sayar da dala kimanin Naira 160, a 2016 ta haura 300 a farashin hukuma, bayan an saki Naira ta nemi wa kanta daraja a watan Yuni na 2023 kuma ta wuce 1,400 a farkon 2024. Babu cinikin da ke iya bin wannan gudu. Woolworths ya fice tun 2013, Mr Price a 2020, uwar kamfanin Shoprite ta sayar da harkarta ta Najeriya ga kamfanin Ketron a 2021, Game ma ya tattara, a watan Janairu na 2024 kuma aka rufe reshen Shoprite na Kano. Bayan matsalar kuɗin waje akwai ta da'ira, domin a garin da ke da kasuwannin Kurmi da Kwari da Sabon Gari da Singa, inda ake taya kaya a kuma saya ɗan kaɗan kullum, yoyon da babban kanti zai tare bai kai yadda yawan jama'a ke nunawa a takarda ba. Kuɗin hidima ma, wanda a Amurka na shara da fitila ne, a nan akasarinsa na man janareta ne.

Abin da ya fi kama da cibiyar unguwa a biranen Arewa shi ne filaza mai hawa biyu ko uku, wadda attajiri ke ginawa da kuɗin aljihunsa, ya karɓi hayar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule. Rashin bashi yana kare ta daga abin da ya kayar da manyan, amma tana da nata rauni, domin galibi ba a nema mata turke, ba a tace 'yan haya, wani lokaci ma sayar da shagunan ake yi ɗaya-ɗaya, wanda ke nufin an rasa wannan mallaka ta hannu ɗaya da ita ce tushen komai, kuma idan rufi ya fara yoyo babu mai alhakin gyara. Hawan ƙasa yana cika, na sama kuma yakan zauna fayau sai ɗinki ko sito, saboda mai saye ba ya hawa matakala sai da dalili mai ƙarfi. A nan ne haɗaka ke da ma'ana ta zahiri, a bar ƙasa ga shaguna a mayar da sama ofisoshi ko asibitin haƙori ko makarantar koyon kwamfuta ko gidajen haya, muddin an yi wa iyali ƙofa da matakala ta gefe ko ta baya, nesa da idon masu zaman bakin shago, domin magidanci Bahaushe ba zai kama gidan da iyalinsa za su riƙa ratsa taron maza ba. Kantunan gida irin su Sahad da Jifatu, da manyan shagunan magani, da rassan bankuna, har da masallacin da ke tara jama'a sau biyar a rana, duk suna iya yin aikin turke idan an tsara wurin da su tun daga zane.

Saura batun ƙasar da aka ɗora ginin a kai. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta danƙa dukan filayen jiha a hannun gwamna, abin da mai gini ke riƙewa kuma shi ne takardar shaidar mallaka mai wa'adi, wanda galibi ba ya wuce shekara 99, kuma ba a jinginar da ita a banki ko a sayar sai da amincewarsa. Mayar da gidan kwana wurin kasuwanci shi ma sai da izinin sauya amfani daga hukumar tsara birni, irin su KNUPDA a Kano. A watan Yuni na 2023 sabuwar gwamnatin Kano ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi da gine-ginen da ke harabar tsohon otal ɗin Daula, bisa hujjar cewa filayen jama'a ne da gwamnatin da ta gabata ta raba ba bisa ƙa'ida ba, daga baya kuma Babbar Kotun Tarayya ta umarci a biya 'yan kasuwar Filin Idi diyyar Naira biliyan 30. Yarjejeniyar turke ta shekara 20 tana ratsa zaɓen gwamna sau biyar, kuma mai ba da bashin gini yana sa wannan a lissafinsa kafin ya faɗi ruwan da zai ɗora.